Shafukan Ayuba da Suka Manne

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na miƙe a majami'armu ta Gaya zan tona asirin wani, na ƙare da tona nawa ba. Har yanzu in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ku fara sanin aikina, don a nan ciwon yake. Na daɗe ina cike wa masu kamyo, manyan motocin kaya, takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar iyaka, kuma abu ɗaya aikin ya koya mini: in ka ga an taɓa jerin kaya a takarda, an ɗauko na ƙasa an kai sama, to akwai abin da ake ɓoyewa a tsakiya. Da wannan idon nake kallon kowa (har mai kawo mana kifi daga Tounouga sai na sa ta juye kwando).

Mu Kiristocin Gaya ba mu da yawa, in baƙo ya zo kowa ya sani. Da aka turo wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, Mushe Daniyel, sai Baba Fasto ya ba shi ajin nazari na bayan sujada. Ran farko ya raba mana takarda, wai za mu karanta Littafi Mai Tsarki bi da bi yadda abubuwa suka faru a tarihi. Na duba. Farawa zuwa sura ta goma sha ɗaya, sai tsalle zuwa Ayuba, sannan a dawo wurin Ibrahim. Can gaba an yanko Zabura an cusa cikin labarin Dauda. Nan take na ce an taɓa jerin kaya.

Daga nan komai ya yi laifi ne a wurina. Ya zo da taswira, na ce dabara ce. Ya yi bayanin yadda mutanen dā suke cinikin fili a ƙofar gari gaban dattawa, na ce zaƙin baki ne irin na direban da ke miƙo maka shayi in ka doshi tampol. Wata Asabar har na bi shi a kan babur ya ƙetare gada zuwa Malanville, ina jiran in ga masu ba shi takardun (albasa ya saya, da garin rogo). Matata ta ce in ƙyale bawan Allah, ita sai yanzu take gane wane annabi ne ya yi zamani da wane sarki. Wannan ya ƙara tsorata ni, na ce ashe abin ya shigo har gidana.

Na rubuta wasiƙa cewa a karɓe ajin daga hannunsa, a kuma sanar da majami'arsu ta gida cewa yana kawo baƙuwar koyarwa. Na san in aka yi haka, shi da iyalinsa ba su da sauran wurin sujada a garin nan. Na sani sarai, amma a lokacin gani nake garken Ubangiji nake karewa. Baba Fasto ya ce kafin a karɓi wasiƙa, in faɗi ƙorafina a gaban aji.

Na sa babbar riga, na zazzage duk abin da na tara. Mushe ya bari na gama, sannan ya ce, "Baba, a sito ɗinku yaya ake jera kaya?"

Na ce iri-iri mana, shinkafa gefe, atamfa gefe.

"In ana son a san wanda ya riga isowa fa?"

Na ce sai a duba takardar shigowa. Bakina ya riga hankalina amsawa. Ya ce to haka aka jera littattafan, shari'a gefe, tarihi gefe, waƙoƙi da annabawa gefe, takardarsa kuwa ta shigowa ce kawai, ko aya ɗaya bai cire ba. Har ya yarda cewa ba a tabbatar da zamanin Ayuba ba, sai dai dukiyarsa ta garke da yadda yake miƙa hadaya da kansa saboda 'ya'yansa sun yi kama da zamanin Ibrahim.

Mai hankali a nan zai zauna. Ni kuwa na ɗaga Littafina sama, na ce sau uku na sauke shi daga bango zuwa bango, ba yaron da zai koya mini inda Ayuba yake.

Baba Fasto ya ce, "Madalla, Dattijo. Buɗe mana Ayuban ka karanta."

Na buɗe, ya ƙi. Daga Ezra har tsakiyar Ayuba shafukan sun manne sun zama dunƙule ɗaya kamar busasshiyar masa. Na sa farce, na ja, takarda ta yage da ƙarar da har na bencin baya suka ji. Daga ɓangaren mata sai muryar matata, a hankali amma ba ta ɓuya ba: "Tun yoyon daminar da aka haifi Rahila ne."

Rahila 'yarmu, tana lise, wato babbar sakandare.

Wata tsohuwa ta kasa daurewa, dariya ta ɓalle. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da na zo kora shi ne ya taso, ya miƙo mini nasa a buɗe, ya ce, "Baba, karanta a nawa, rubutunsa ya fi girma." Na karanta, wasiƙar tana aljihuna. A hanyar gida na yayyage ta.

Da tururin buta muka ɓamɓare shafukan ni da matata, tana yi tana tambayata ko wannan ne sauka ta huɗu. Na dai koyi cewa kafin ka ɗaga tampol ɗin wani, ka leƙa naka kayan. Mai kifi har gobe tana juye kwando, wannan ba magani. Amma in an tambaye ni sau nawa na sauke Littafin, cewa nake yi mun kai Irmiya.