Takardar Kakana da Na Ce Laya Ce

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka gayyace ni in yi lacca a taron Hausawa na garin Lanham a Amurka ba. Lokacin ina digiri na uku a fannin tarihi, saura wata uku in miƙa kundina, kaina kuwa ya gama kumbura (har gilashi na sa, alhali idona garau).

Batuna shi ne yadda manoman ƙauye suka guji boko a zamanin Turawa. Babbar hujjata, wadda na ɗora babi guda a kanta, wata tsohuwar takarda ce da na tsinta a akwatin marigayi kakana, a naɗe cikin fata. Rubutun ajami ne, ni kuwa ko sunana aka rubuta da ajami sai dai in wuce shi. Wani ɗan'uwa ya taɓa ce mini laya ce, ni kuma na ƙara gishiri: layar tsare yara daga boko.

Na haska hotonta a bango, na gyara murya. "Kun ga aikin jahilci," in ji ni. "Maimakon su kai yara aji, sai su rubuta laya."

Baba Idi, wani dattijo mutumin Maradi mai tuƙa tasi, ya ɗaga hannu. "Ɗana, ƙara girman rubutun nan." Na ƙara, ina jiran yabo.

Ya matso ya fara karantawa a hankali. Wasiƙa ce zuwa ga malamin makaranta: "Gero ya nuna, tsuntsaye sun yi yawa, hannu ya yi kaɗan. A ara mini Sani kwana goma, da an gama girbi zan dawo da shi da kaina. Allonsa bai ajiye ba, bokon ma ba na so ya tsaya." A ƙasa malamin ya amsa cewa ya yarda.

"Wane ne Sani?" Baba Idi ya tambaya.

"Mahaifina ne, Baba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, gumi har cikin takalmi.

Baba Idi bai yi mini dariya ba. Da aka tashi ya ja ni gefe. "Mu ma haka aka yi da mu a lakwal, makarantar bokonmu ta Nijar. Tsofaffi ba karatu suka ƙi ba, yunwa suke tsoro. Ka riƙa zuwa gidana a Springfield ran Lahadi in koya maka ajami."

Lahadi takwas na yi ina durƙuso a falonsa, sannan na yage babin nan na sake sabo. Har gobe ina yi wa dattijon nan addu'a. Ba don shi ba, da na zagi kakana a rubuce, farfesoshi uku sun sa hannu.

Yanzu in na ci karo da takardar da ta fi ƙarfina, dattijo nake fara nema kafin in nemi lasifika.