Ranar da Attaruguna Ya Sa Mai Girma Kuka

Jiya da hantsi na ɗauki roba cike da attarugu na nufi injin markaɗe, na tarar da mai injin zaune yana fifita da kwali. Babu wuta, babu mai. Ya ce ƙanensa yana layin gidan mai a Kazaure tun asuba, in ina da haƙuri in jira. Na kinkimo robata na dawo. Uwargida Batulu ta dube ni ta ce, "Malam, ajiye. Turmina ba ya shan fetur."

Attarugun nan nawa ne. A ɗan filin bayan gidana a nan Roni na shuka shi, da barkono da 'yar albasa. Ruwan da ya sha kuwa a jarka na yi ta jigilarsa a bayan keke, domin rijiyar burtsatsen da aka yi wa unguwarmu alkawari tun zaɓen da ya wuce tana nan lafiya ƙalau a cikin jawabi.

Batulu ta cire hancin attarugun, ta jajjaga shi da albasa da tafarnuwa da citta, ta zuba a man gyaɗa mai zafi. Ta sa gishiri da daddawa, ta rage wuta, tana juyawa har ruwan ya ƙone, mai ya taso ja wur a sama. Duk gidan aka kama atishawa. Maƙwabcina Baba Kura, tsohon direban mota, ya leƙo ta katanga yana tari ya ce, "Mamuda, girki kuke yi ko tarzoma kuke tarwatsawa?"

Muna cikin dariya muka ji jiniya.

Wanda ya fara sallama Sama'ilu ne, yaron unguwarmu da ya samu shiga wani Kwamitin Bunƙasa Lambunan Bayan Gida. Ni dai sai jiya na san da zaman kwamitin. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, taimako za ka yi. Mai Girma ya zo duba lambunan da muka raya, kuma naka ne kaɗai kore a duk yankin nan."

Na ce, "Waɗanda kuka raya fa?"

Ya ce, "Suna matakin tsare-tsare."

Kafin in buɗe baki an kafa allo a tsakiyar fangalina, ɗauke da sunan kwamiti da hoton Mai Girma Garkuwan Manoma, Allah ya ƙara masa tumbi. 'Yan rakiya suka dunguma ciki da takalma sau-ciki. Albasata ta kwanta. Barkonon da na bari ya bushe don iri, wani mai babbar riga ya tsinke ya cika aljihu, wai samfuri. Ina tsaye ina kallo, an ce in yi murmushi saboda kyamara.

Mai Girma ya yi jawabi. A nan na ji cewa an ba ni iri da taki da injin ban-ruwa. Wallahi har na fara yi wa kaina murna.

Sai ƙanshi ya kai masa. Ya tambaya, aka ce ai amfanin shirin ne ake sarrafawa a cikin gida. Ya ce a kawo ya ɗanɗana a gaban jama'a. Batulu ta aiko da kwano da gurasa, da saƙo cewa a lakata kaɗan. To, babban mutum bai saba da kaɗan ba. Ya dumbuza ya kai baki.

Jama'a, na ga hula ta karkace. Ido ya kaɗa, gumi ya keto, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya buɗe baki yana shaƙar iska yana cewa, "Ruwa! Ruwa!"

Baba Kura ya rusuna da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, yana cikin burtsatsen. Ka ɗan jira, mu ma shi muke jira."

Wani ya ruga mota ya kawo na gora. Aka tattara aka tafi, aka bar min allo da tattakakken lambu. Albasa ta tafi, iri ya tafi, baɗi sai na roƙa. Batulu ta juye sauran yajin a kwalabe ta rufe.

Yau da safe Sama'ilu ya zo yana washe baki, ya nuna min waya. Ga hoton Mai Girma yana share ido, a ƙasa an rubuta cewa tausayin talakawa ne ya sa shi zubar da hawaye a Roni.

Ban ƙaryata ba. A tsawon rayuwata wannan ne karon farko da na ga abin talaka ya taɓa babban mutum har cikin ransa. Duk wani mai girma da yake son a gan shi yana tausaya mana, ya biyo ta gidana. Ya dai taho da ruwansa.