Ranar da Na Ciyar da Biran Dutse

Ni dai mace ce ta zaman gida, daga kicin ɗina a unguwar Zahir sai Harami. To, sai ɗiyar yayata, Safiya, ta haɗa ƙungiyar fita bayan gari, wai mu baƙaƙen Makka mun bar wa wasu shan iskar duwatsu. Da ta ce, "Inna, anya za ki iya?" sai na ce, "Ke! Kakana a ƙafa ya zo daga Kano. Jeji a jinina yake."

Na cika kula da waina, ita ce abincin ranar kowa. Muka yi shimfiɗa a gindin wani dutse, hanyar Ɗa'ifa. Safiya ta ja mana kunne, kada wanda ya ba biri komai.

Sai ga wani ɗan biri ya zauna yana kallona kamar maraya. Ni kuwa ba a taɓa zuba min ido ina ci na hana ba. Na miƙa guda, har da cewa, "Yalla, bismilla."

Ashe ɗan aike ne. Wallahi sai na ga dutsen nan yana gangarowa da ƙafafu, birai ko ta ina! Ni jikar matafiyi na watsar da takalma, na faɗa mota na danna makulli, sauran suna waje suna bubbuga gilashi: "Inna, buɗe!" Babban biran ya rungumi kulata, ya haura da ita a natse kamar gadonsa.

Da yunwa muka koma gida. Har yau in na ɗora tukunya, sai Safiya ta leƙo ta ce, "Inna, wannan namu ne, ko na mutanenki na dutse?"