Masarar da Na Shanya a Kwalta

Shekarar da kwanon masara ya gagari talaka aka sabunta titin layinmu a Tsanyawa. Maƙwabta na ta ƙorafin rashin wurin shanya, ni kuwa na kinkimo buhuna ɗaya tilo.

Maƙwabcina Malam Sani ya ce, "Malam, jiya fa aka zuba kwaltar nan."

Na dube shi a wulaƙance. "Shekara uku na yi a birni. Ni za ka koya wa kwalta?"

Na baje masarata, na tafi ina taƙama. Kafin la'asar kwalta ta narke, ta riƙe kowace ƙwaya gam. Kaji ma sun gwada, sun haƙura.

Har yau, da an yi ruwan farko, sai Malam Sani ya leƙo: "Malam, titin ya tsiro kuwa?"