Wandon Haidar a Kan Dutsen Kwaleji

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Sadiya, ƙanwar mijina, ta kai ni ganin tsohuwar kwalejin da take karatu ba. Ni duniyata Sharada ce, daga gida sai ƙofar kamfanin robar da mijina, Baban Haidar, yake aiki, in miƙa masa abinci in dawo. Ranar an buɗe wa baƙi ƙofa su ga tsofaffin gine-gine, kuma malamin Sadiya ne zai zagaya da mu.

Tun a adaidaita take ja min kunne. "Matar Yaya, don Allah yau ki rufa min asiri. A gaban malaminmu da ƙawayena ne fa."

Na ce, "Tafi can, wa ya koya miki ɗaurin ɗankwali?" (Baki ne kawai. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, me na sani game da kwaleji?)

Wuri dai ya yi kyau. Bangwaye masu kauri, doguwar baranda mai sanyi kamar cikin randa. Ina bin bayansu da goyona, ban taɓa komai ba, ban ce uffan ba. Har na fara yaba wa kaina, sai na ji ɗumi a gadon bayana. Haidar ya yi aikinsa.

Na sulale ba wanda ya gani. Na sami famfo a bayan wani gini, na wanke wandonsa da zanin goyo. To, ina zan shanya? Can tsakiyar fili na hango wani baƙin dutse, sumul, rana ta gasa shi, an kewaye shi da 'yar sarƙa (na ɗauka saboda awaki ne). Akwai rubutun Turanci a jiki, amma ina ruwan shanya da rubutu? Na shimfiɗa kayana, na danne da silifas kada iska ta kwashe, na koma inuwa ina ba yaro nono, hankalina kwance.

Sai ga tawagar. Malam yana tafe da baya da baya yana bayani: "Yanzu za ku ga abin da muka fi alfahari da shi, dutsen da aka aza ranar kafa makarantar nan, da sunayen magabatanmu."

Ya juya. Kowa ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Ga wandon Haidar yana ɗigar da ruwa a kan magabata.

Malam ya gyara tabarau, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ya bushe, ko mu zagayo anjima?"

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma bakina, wannan bakin nawa, sai ya ce, "Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

Wata baƙuwa har da zama a ƙasa don dariya. Sadiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Yanzu duk ajinsu "Saura Kaɗan" suke kiranta, baiwar Allah.

Tun daga ranar, jiƙaƙƙen kaya a leda nake ƙulle shi sai gida. Kuma na gane ba kowace tambayar manya ce take neman amsa ba.