Allura a Gwiwar Hajiya Tasalla

Akwai wani abokinmu a Funtuwa, Nafi'u, Allah ya ba shi hannu. Irin lakar nan ta zamani mai laushi kamar cingam yake saya, ya murza, ya fitar da 'yan mutum-mutumi da ba su wuce tsawon yatsa ba, ya gasa su a ƙaramin obin, sannan ya bi su da fenti. A shagon ƙofar gidan kakarsa Hajiya Tasalla yake aikin, don a can ne kawai aka ba shi wuri. Ita kuwa Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, bakinta ba ya hutawa. Tun asuba take farawa: kaji, 'yan aiki, mai ruwa, gwamnati, kowa da rabonsa. Kullum kuma sai ta rufe da Nafi'u, wai ƙato da gemu yana wasan 'yar tsana.

To, sai ƙanwarsa Rukayya da ke aure a Kalaba ta yi kewar tsohuwa, ta ce ya ƙera mata ita, ta riƙa gani tana jin sanyi. Nafi'u ya zauna ya zuba basira. Ga ɗaurin kallabin nan da ya karkace, ga tabarau a kan hanci, ga carbi, har giɓin haƙorin bai bari ba. Yana cikin fitar da ninkin zane da allura aka kira salla, sai ya soke allurar a jikin lakar ya tafi masallaci. Ina ta faɗa? Gwiwar hagu. Wadda Hajiya ta yi wata tana ɗingishi da ita!

Yana dawowa ya tarar da shagonsa cike da mata. Hajiya na tsakiya, ta ɗaga abin sama da gefen mayafi, don ta ƙi taɓa shi da hannu. An riga an fitar da obin ɗinsa waje, an ɗora gwangwanayen fenti a kai. Nafi'u ya san in ta kore shi daga shagon nan, sana'a ta mutu.

"Ga shi nan, ɗan neman!" in ji Hajiya. "Jama'a ku shaida. Ina ta shan magani, ina ta zagin likita, ashe bokan yana ƙofar gidana yana cin tuwona!"

"Haba Hajiya, wane irin boka? Rukayya ce ta ce in yi mata ke, tana kewarki."

"Kewa? Da allura ake kewa? In ka gama sokar kuma me ya rage?"

Nafi'u, da yake gaskiya ta yi masa yawa, sai ya ce, "Sai in saka ki a obin ki ɗan gasu."

Mata suka ɗauki salati. Hajiya ta dafe ƙirji.

"Kun ji ko? Shi ya sa kwana biyun nan gumi ke keto min ko da fanka! Yau ɗin nan za ka kwashe tarkacenka. Kuma kafin ka tafi, sai ka rantse a gaban mutanen nan cewa ba allurarka ce ta kama min gwiwa ba."

Nafi'u ya karɓi 'yar lakar, ya zare allurar a hankali, ya goge ta da bakin rigarsa. Ya dubi kakarsa, ya dubi maƙwabtan da suke shan faɗanta shekara da shekaru.

"Hajiya, ai ba sai na rantse ba, ga shaidu nan. Da allurar nan tana kama mutum, me zai kai ni gwiwa, ga baki?"