Mayafin Inna da Injin Katako

Ƙofar ɗakin jaririyata kan cije idan zafi ya shigo Greensboro, ƙarar buɗe ta kuma ta tashe ta daga barci. Sai na aro injin goge katako wurin maƙwabcinmu Malam Idi.

Ya ce, "Maman Aisha, ki ɗaure mayafinki, kar kuma ki ajiye shi yana juyawa."

Na ce, "Malam, ni da na saba da injin markaɗe?"

Ƙofa kam ta gyaru. Amma ina sunkuyawa in ajiye injin yana juyawa, ya cafke mayafin da Inna ta ba ni ranar da na baro Maraɗi, ya yi kaca-kaca da shi. Na zauna ina kuka.

Har yau idan muka haɗu a masallaci, matarsa kan taɓa mayafina ta ce, "Kafinta, wannan ma na injin ne?"